Ƙaramar mota da hanyar Goronyo: martani ga mai cewa a saya kawai

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da rubutu yana ba ma'aikata da malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa shawara kan sayen mota. Rubutun ya zagaya gabashin Sakkwato fiye da yadda mai shi zai zata, domin ni kaɗai sau uku ana turo mini shi, daga Wurno, daga Gandi, sannan daga wani abokina mai sayar da taki a Goronyo. Na karanta shi a natse, kuma na shaida da kyakkyawar niyya ya rubuta. Ga abin da ya ce. Tunda aka cire tallafin mai, babbar mota ta zama kura mai cin albashi, mafita kuma ita ce ƙaramar mota 'yar birni, ta hannu, 'yar Beljiyam, irin wadda Turawa ke kutsawa lungu da ita. Ba ta shan mai. Injinta ƙarami ne, don haka abin lalacewa a cikinta kaɗan ne, gyaranta kuma araha. In sunan kamfanin sananne ne kuma agogon kilomita bai yi nisa ba, mutum ya biya kawai, ba sai ya jawo bakanike ya ɓata wa dillali rai ba. Ya rufe da cewa a zaɓi mai canza giya da kanta, mafi sabuntar shekara da aljihu zai iya ɗauka, don uwargida ma ta riƙa tuƙawa.

Inda yake da gaskiya zan ba shi gaskiyarsa. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Mutumin Rabah ko Shinaka da yakan saya a hannun 'yan bumburutu ya fi na birni jin jiki. Duk wanda ya nema wa talaka hanyar rage wannan nauyi ya kyauta. Matsalata da rubutun ita ce an yi shi ne da idon mai tuƙi tsakanin gida da ofis a kan kwalta mai santsi, aka kuma miƙa shi ga mutanen da hanyarsu da zafinsu da kayansu da bakanikensu duk daban suke.

Mu yi lissafin man tare, da misali. A ce ƙaramar tana shan lita 6 a kilomita 100, matsakaiciya kuma lita 8. Wanda ke yin kilomita 1,000 a wata, kuma ba kowane malamin makaranta ke kai haka ba, ya tsira da lita 20. A kan naira 1,000 kowace lita, naira 20,000 ke nan a wata, 240,000 a shekara. Kuɗi ne, ban raina su ba. To mai karatu ya je ya tambayi farashin giyar otomatik ta gwanjo guda ɗaya, haɗe da kuɗin ɗauko ta daga Kano da ladan ɗaurawa, ya ga shekara nawa na tattalin mai za ta lashe a rana guda. Sannan lita 6 ɗin nan a ina aka auna ta? A shimfiɗaɗɗiyar hanya, da mutum ɗaya ko biyu a ciki. Ka zuba mata manya biyar da buhun shinkafa, ka sa ta cikin yashi tana kuka a giya ta biyu, sai ka ga ƙaramin inji ma ya iya shan mai.

Akwai kuma abin da tsadar man ta koya mana wanda ke kashe irin waɗannan motoci a hankali. Yanzu mutum lita uku zai saya, ko biyar, allura kullum tana kwance a kan ja. Famfon man motar zamani a cikin tanki yake zaune, kuma fetur ɗin da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Tanki in ya saba zama wayam, famfon sai ya yi ta zafi yana zuƙar dattin gindi, har ranar da zai tsaya cak. Ƙara da ingancin man kansa. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da bakinsa ya amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja. In haka ta faru a manyan gidajen mai, me za mu ce da man da ya yini cikin jarka a rana, aka tace shi da tsumma a bakin hanya? Nozul ɗin sabon ƙaramin inji ba ya yafe irin wannan.

Hujjarsa ta biyu ita ta fi damuna, wato ƙaramin inji ba shi da abin lalacewa da yawa. Wa ya ce ƙanƙanta ita ce sauƙi? Agogon hannu ya fi amalanke ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma maƙerin gari yana gyara amalanke, agogo kuwa sai an kai shi birni. Ƙananan motocin da aka ƙera a shekarun baya-bayan nan cike suke da sensa da wayoyi da ƙwaƙwalwar kwamfuta, an matse komai cikin wuri ɗan mitsitsi, an maye gurbin ƙarfe da roba a bututun ruwa da gidan tamostat don a rage nauyi da kuɗi. A ƙasar da aka ƙera su wannan ba laifi ba ne, domin akwai na'urar gwaji a kowane gareji, kayan gyara kuma ana kawowa washegari. A nan, daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40. Robar da ta riga ta shekara 15 tana shan sanyi da zafi a Turai, ta zo ta haɗu da bazararmu, ba ta daɗewa take tsagewa. Kafin bazarar kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe ramukan lagireto da matatar iska.

Na gani da idona. Ƙanena, ɗan kawuna, malamin firamare ne a ƙasar Rabah. Ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, ya haɗa da kuɗin albasar da ya noma, ya sayo wata 'yar ƙaramar mota ja, mai canza giya da kanta, kujerunta kamar ba a taɓa zama a kai ba. Ranar da ya kawo ta gida na tambaye shi wa ya duba masa. Ya ce, "Yaya, ai ba ta buƙatar dubawa. Dillalin ya rantse mini wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da ita a can." Wata na uku da saye, cikin Afrilu, muka tashi daga Sakkwato za mu ta'aziyya Goronyo, mu huɗu da buhun gero a baya. Mun wuce Acida da ɗan nisa sai wata jar fitila ta kama a gaban direba. Motar ba ta ma da allurar zafi, fitilar kaɗai ce, kuma kafin ta kama aikin gama ya gama. Muka tsaya, tururi yana fita ta gefen bonet, ruwa mai launin tsatsa yana ɗiga a kan kwalta yana bushewa nan take. La'asar ta yi sakaliya.

Aka samo mana bakanike daga Wurno, ya zo a kan babur da sufanu a cikin buhu. Dattijo ne da ya shekara da shekaru yana kwance injin Golf da Peugeot yana mayarwa. Ya ɗaga bonet, ya cire murfin robar da ya rufe injin, ya zura hannu ya ciro wani ɓallin roba baƙi da ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ya juya shi a tafin hannu, sannan ya dubi ƙanena ya ce, "Malam, wagga ba irin tamu ba ta. Da ƙarhe na, da yanzu na ɗaure maka shi ka kai gida. In na taɓa ta ɓarna za ni ƙarawa." Ya yi gaskiya, kuma na ƙara ganin girmansa da ya faɗi hakan. Wani direban Golf na haya da ya san kawunmu ya jawo mu da igiya zuwa cikin gari ana kiran magariba.

Wannan awa biyun da muka yi a gefen hanya ita ce abin da ɗan'uwa marubuci bai sa a lissafinsa ba. A birni, mota in ta mutu, asarar mai ita jinkiri ne da kuɗin janwe. A gabashin Sakkwato maganar ta wuce nan. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. A Disambar wannan shekarar aka ƙone matafiya cikin motarsu a yankin Sabon Birni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno ribaɗi ne don tsaron wannan gabas ɗin, a can kuma ya rasu a 1837, ga shi har yau matafiyin wannan hanya yana duba tsayin rana kafin ya tashi. Motoci nawa suka wuce mu a ranar ba su ko rage gudu ba? Ban ga laifinsu ba, ni ma da ban san mai motar ba da ban tsaya ba. Wanda zai ba mutanen nan shawara kan amincin mota dole ya san cewa tambayarsu ta farko ita ce: in ta tsaya da ni a daji, akwai wanda zai iya tayar da ita kafin rana ta faɗi?

Kuma mota a garuruwanmu ba ta mai ita kaɗai ba ce. Ranar da ka ajiye mota a ƙofar gida, ka zama motar asibitin unguwa. Mai naƙudar da ta gagara a cikin dare, yaron da maciji ya sara a fadama, tsohon da hawan jini ya kayar, duk ƙofarka za a ƙwanƙwasa, kuma ba za ka ce a'a ba. Tafiyar kuwa sau da yawa ba ta ƙarewa a asibitin ƙaramar hukuma, sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wannan aikin ake nema daga motar, ita kuwa an ƙera ta ne don kai mutum ɗaya wurin aiki da dawo da shi da ledar burodi.

Sai batun suna. Ya ce sanannen kamfani ya wadatar. To ga misali. Daga 2005 zuwa 2014 masana'anta guda a garin Kolin na ƙasar Cek ta riƙa fitar da mota ɗaya da suna uku: Toyota Aygo, Peugeot 107 da Citroën C1. Injin fetur ɗinsu ɗaya ne, mai silinda uku, bambancin yana wajen fitilu da tambari da ɗan fasalin jiki. Wanne sunan za ka amince da shi a cikin ukun? Mutanenmu suna jin Toyota sai hankali ya kwanta, saboda Corolla da Hilux sun yi musu halacci, kayansu kuma a kowane shago akwai. Amma tambarin Toyota a goshin Aygo bai sa kayan Corolla su shige ta ba. Ba ina cewa motar banza ce ba, injin nan yana da ƙwari. Ina cewa ne ranar da gilashin bayanta ya fashe ko famfon ruwanta ya fara yoyo, sunan kamfani ba zai sauko maka da kayan daga kan shiryayyen shagon Sakkwato ba in mai shagon bai taɓa sarinsu ba. Sai a buga waya Ƙofar Ruwa a Kano, in babu a buga Ladipo a Legas, ka biya kafin ka gani, a sako a motar haya, ya iso bayan kwanaki, wani lokacin kuma ya zo bai yi daidai ba.

Agogon kilomita kuwa, shi ne abin da ya fi komai sauƙin yi wa ƙarya a jikin mota. A 2018 Majalisar Tarayyar Turai ta kafa hujja da ƙiyasin cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na motocin hannu da ake sayarwa daga wata ƙasar Turai zuwa wata an taɓa agogonsu. Beljiyam ɗin da muke sa wa motocin sunanta, sai da ta kafa tsarin Car-Pass a 2006 don ta kare 'yan ƙasarta daga wannan ha'inci. In haka ake yi tsakanin maƙwabta masu rajistar komai, ina ga motar da ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Legas, ta bi hannu huɗu kafin ta iso gabanka? Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 2020 ya nuna an fitar da motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kusan kashi 80 cikin ɗari zuwa ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan waɗanda ke fita ta ƙasarsu ya gano yawancinsu ba su da takardar cancantar hawa titi a lokacin fitar da su. Abin da aka hana hawa titin Holan shi ake so mu saya ido rufe mu hau hanyar Gandi da shi?

Ko da agogon gaskiya ya faɗa, ƙarancin kilomita a motar birni ba shaidar lafiya ba ne. Tsohuwar nan ta dillali, in ma akwai ta, tafiyar minti biyar take yi ta kashe, inji bai kai ga ɗumi ba, bakin mai yana tara ruwa da laka, kuloci da birki suna aiki a kowace mahaɗa. Motar da ta yi ninkin wannan a babban titi tana iya fin ta lafiya. Bel ɗin tayimin kuma, a injin da ke amfani da bel, shekaru suna cin sa ko mota tana ajiye, kuma a yawancin injunan nan in ya tsinke a guje sai fistin ya daki bawul. Wanda ke son ya san shekarun wahalar mota ya dubi robar feda, ya shafa sitiyari, ya ga yadda kujerar direba ta lotsa, ya leƙa ƙarƙashi ya ga irin tsatsar da gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ya bari.

Game da giya mai canza kanta, ba ni da ja a kan uwargida ta tuƙa mota. Matan da ke tuƙa mai giyar hannu suna da yawa, koyonta kuma mako biyu ne. Abin lura shi ne giyar otomatik ta ƙananan motoci ba iri ɗaya ba ce da ta tsohuwar Camry da aka sani da juriya. Wasu bel ne na ƙarfe a tsakanin faifai, wasu kuma kuloci biyu ne busassu da kwamfuta ke takawa. Irin ta biyun ce Ford ya sa a Fiesta da Focus da sunan PowerShift, masu motoci suka kai ƙara a Amurka, a 2018 kuma kotun tarayya ta Ostareliya ta ci kamfanin tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya yi da kokensu. Bakanikawan Najeriya ma sun san halin giyar AL4 ta Peugeot 206 da 307 in ba ta samu irin manta da kulawarta ba. Motar giyar hannu in batir ya mutu, yara huɗu su tura ta ta tashi. In ta kafe a yashi, a jijjiga ta gaba da baya ta fita. Kulocinta in ya ƙare, bakaniken Goronyo ya sauke ya ɗaura a yini ɗaya. Wanne daga cikin ukun nan otomatik za ta yi maka a bayan gari?

Yanzu mu durƙusa mu duba ƙasanta, abin da rubutun bai yi ba ko sau ɗaya. Tsakanin cikin yawancin motocin birnin Turai da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba, kafin ma a shiga. Abu na farko da ke cin karo da dutse shi ne kaskon da bakin mai ke taruwa a ƙasan inji, sai salansa. Hanyar da ta bar kwalta ta gangara fadamar Rima, inda tayar tarakta da ta manyan motocin ɗaukar albasa suka haƙa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya, wannan tudun shi ke goge cikin ƙaramar mota. Da damina kuma ga ruwa. Mutanen da suka ga ambaliyar Satumban 2010, wadda ta cinye garuruwa a ƙasar Goronyo ta karya gadar zuwa mazaunin jami'a a Sakkwato, ba sai an koya musu halin Rima ba. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, akwai mashigai da ruwa ke kai gwiwa. Bakin da ƙaramar mota ke shaƙar iska yana ƙasa, in ya zuƙi ruwa kuwa inji ya tafi gaba ɗaya. Nauyin da aka yarje wa yawancinsu, mutane da kaya duka, yana kai-kawo ne wajen kilo 400. Manya biyar sun kusa cinye shi kafin a ɗora buhu ko ɗaya. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: shoka ta mutu, ƙafa ta fara ƙara, taya ta riƙa cin gefe.

Tayar ma abin dubawa ce. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗin kada a wuce shekara huɗu. Da yawa daga motocin Turai suna zuwa da tayar ƙanƙara, mai hoton dutse da ƙanƙara a gefenta, zanenta fes kamar sabuwa, robarta kuwa taushi gare ta don sanyi aka yi ta. Ka ɗora ta a kwaltar Afrilu da tsakar rana da lodi, ka sayi hatsari da kuɗinka.

Maganar da ta fi kowacce cutarwa ita ce kada a jawo bakanike don gudun ɓata wa dillali rai. Tun yaushe duba kaya kafin biya ya zama cin fuska a kasuwar Bahaushe? Mai sayen sa a kasuwar Acida yana buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Mai sayen albasa yana zura hannu har tsakiyar buhu. Ba wanda ya taɓa jin haushi. Malamanmu a babin ciniki na Risala sun karantar da mu haramcin algus da ɓoye aibin kaya, da haƙƙin mai saye na mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Dillalin kirki, kuma suna nan da yawa, shi da kansa zai ce ka zo da wanda ka yarda da shi. Shi ma sau da yawa bai san cikin motar ba, yadda ya saya haka yake sayarwa. Ka je da bakanikenka, wanda zai riƙa gyara ta nan gaba, da sassafe kafin a ɗumama inji, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye hayaƙi da ƙara. A buɗe murfin bakin mai, in an ga fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai. A duba ko an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, wanda sau da yawa alama ce ta motar da ta taɓa yin zafi aka rufa mata asiri. A murɗa makulli a ga fitilun gargaɗi duk sun kama sannan sun mutu, don akan cire ƙwan wadda ta ƙi mutuwa. A duba ko an sace abin tace hayaƙin nan da 'yan gareji ke kira indomi. A ɗaga kafet a shinshina, motar da ta taɓa nutsewa ba ta rabuwa da warin laka. Sannan a tuƙa ta, da mutane a ciki, a kan hanya mai gargada.

Takardu kuwa ba su buƙatar dogon bayani. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma ba su daina silalowa ba, kuma mu da ke kusa da Illela mun fi kowa sanin haka. Lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 ta yi daidai da ta takardar kwastan, a kuma tabbatar da takardar a ofishinsu kafin kuɗi su bar hannu. Motar da aka kama a shingen bincike, lafiyar injinta ba ta amfane ka da komai ba.

Za a ce to talaka ya haƙura da mota ke nan, ko sai ya iya sayen Hilux? Ban faɗi haka ba. Ni ma ƙaramar mota nake goyon baya, amma wadda ƙasar nan ta riga ta gwada. A je tasha a ga abin da direbobin Wurno da Goronyo da Rabah suka zuba jarinsu a kai. Golf 3 ce ta fi yawa, motar da Volkswagen ya fara fitarwa a 1991. Ita ma ba babba ba ce, ba kuma don hanyarmu aka ƙera ta ba. Abin da ya mayar da ita tamu shi ne kowane yaron gareji ya san cikinta, kayanta sababbi da na gwanjo suna ko'ina, an san yadda ake ɗaga bayanta ta ɗauki kaya. Kafin ita Peugeot 504 ce, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, kuma dalilin bai canza ba. Ba na rufe ido a kan tsufan Golf ɗin nan da irin lodin ganganci da ake yi mata. Abin da nake ɗauka daga direbobin shi ne ma'auninsu. Matsayina ke nan, kuma a kansa nake: mutumin gabashin Sakkwato ya sayi ƙarama ko matsakaiciya mai giyar hannu, irin wadda ya ga 'yan'uwanta da yawa a tasha da gareji, wadda bakaniken garinsu ya ce ya iya, wadda ya tabbatar da ƙafarsa cewa kayanta suna shagunan Sakkwato. Kada ya zuba duk abin da ya tara a farashinta, ya rage na taya da bel da bakin mai da ruwan lagireto na gaske a makon farko. In kuɗin ba su kai ga haka ba, ya ci gaba da hawa babur ɗinsa wata shekarar, babu abin kunya a ciki.

Ƙanena ya samu madadin gidan tamostat ɗin da ya ɓare a ranar nan daga Kano a karo na biyu, na farkon bai hau ba. Da aka ɗaura sai aka tarar zafin ranar nan ya ƙone gaskit ya lanƙwasa kan injin. Aka kai Sakkwato aka goge, aka mayar. Ta yi wata biyu tana tafiya, sai giyar ta fara fizga tsakanin ta ɗaya da ta biyu, mai na'urar gwaji ya ce sai dai a sauya ta ɗungurungum. Yanzu tana ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansu, an ɗora ta a kan duwatsu don kada tayoyin su lalace, an lulluɓe ta da tsohuwar tabarmar roba. Ya koma zuwa makaranta a kan babur ɗin ƙaninsa, kuma ana ci gaba da cire kuɗin bashin daga albashinsa duk ƙarshen wata.